SHOKAZOBA MAI ƘARFI: ABIN DA TAKE YI WA MOTAR JAM'IYYA, DA ABIN DA BA TA YI

'Yan'uwa manoma, duk shekara in kaka ta gabato, maganar mota kan taso a taron jam'iyyun gama kai. Direba ya ce mota tana rawa a kan gargada. Makaniki ya ce a sayo shokazoba mai ƙarfi. Ma'aji kuwa ya ce kuɗin ya yi yawa. Wani lokaci kuma sai wani ya ce, "Ai in an sa mai ƙarfin, sai mu ƙara buhu uku a kowane sawu, kuɗinmu ya dawo." To, saboda wannan magana ta ƙarshe muka ga ya kamata mu yi bayani, gama kuskure ne wanda yakan jawo hasarar dukiya, har ma da rai.

Ga gaskiyar magana tun da fari. Shokazoba mai ƙarfi tana da amfani ƙwarai ga motar da ke ɗaukar kaya ko jan tirela a hanyoyinmu. Amma ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar ko tiya guda.

HANYOYIN DA MOTARMU KE BI

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ya zo daga Zariya ta Funtuwa da Gusau. A nan layin ya tuƙe. Shekaru da yawa gyaɗa da auduga ta tashar suke fita. Yau kuwa gero da dawa da wake da albasa duk a kan taya suke barin ƙauye. Daga Ƙaura hanya ɗaya ta yi Shinkafi, ta zarce Isa da Sabon Birni. Ɗaya kuma ta yi Zurmi, ta zarce Jibiya. Amma gonakinmu da rumbunanmu ba a bakin kwalta suke ba. Kafin mota ta hau babban titi, sai ta bi burji da rairayi da kwazazzabo da mashigin rafi, balle a ƙauyukan da ke kusa da gulbin Gagare da na Bunsuru.

Don haka jam'iyyu suka fi son mota mai giyar taimako, watau wadda ƙafafunta huɗu duka ke ja, irin su Toyota Hilux da Land Cruiser da tsohuwar Land Rover. Waɗansu har yanzu suna da akori-kura ta Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Ita ƙafafun baya kaɗai ke ja, amma duk abin da za mu faɗa ya shafe ta.

Akwai kuma abin da kowa ya sani. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna addabar wannan yanki, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. A da, in mota ta lalace a daji, wahala ce ta kwana guda. A irin wannan hali kuwa, motar da ta tsaya da yamma tsakanin gari da gari ta jefa direba da yaran mota cikin hatsari. Saboda haka gyaran ƙarƙashin mota ba maganar jin daɗin zama ba ce kurum.

SIFIRIN DABAM, SHOKAZOBA DABAM

In kun leƙa ƙarƙashin mota, kusa da kowace taya za ku ga abu biyu. Na ɗaya shi ne sifirin. A bayan akori-kura yawanci falle-fallen ƙarfe ne da aka jera aka ɗaure. A gaban Hilux ta zamani, tun daga ƙirar 2005, naɗaɗɗen ƙarfe ne. Land Rover ta koma naɗaɗɗen sifirin a 1983, Land Cruiser akori-kura kuma ta sami shi a gaba a 1999, amma bayanta ya ci gaba da falle-falle. Sifirin shi ne ke ɗauke da nauyin mota da kayanta duka.

Na biyu shi ne wani bututun ƙarfe, kansa ɗaya a jikin shasi, ɗayan a wajen ƙafa. Ita ce shokazoba. Aikinta shi ne ta hana sifirin lilo. In taya ta faɗa rami, sifirin yakan lanƙwashe, sa'an nan ya miƙe da ƙarfi. In ba abin da ya riƙe shi, sai ya yi ta sama da ƙasa, sau huɗu, sau biyar, kafin ya natsu.

Ku duba yarinyar da ta ɗebo ruwa a bokiti. Takan tsinko ganye ta jefa a kan ruwan don kada ya yi tangaɗi ya zube. Wuyanta ne ke ɗauke da nauyi, ganyen kuwa yana kwantar da ruwa. Ko ta cika bokitin da ganye, wuyanta bai ƙara ƙarfi ba. To, sifirin shi ne wuya, shokazoba ita ce ganye.

YADDA TAKE AIKI

Cikin shokazoba kamar famfon keke yake, sai dai mai ne a ciki maimakon iska. Akwai sanda mai santsi, da fistin a ƙarshenta. A jikin fistin akwai ƙananan ƙofofi. In taya ta motsa, fistin yakan tura man, man kuma dole ya kutsa ta waɗannan ƙofofi. Wannan matsi shi ne ke rage saurin sifirin. Ƙarfin da aka danne kuwa ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake zama. Shi ya sa shokazoba mai aiki takan yi ɗumi bayan tafiya.

Bari mu yi lissafi. Mu ce a kan gargada tsakanin tudu da tudu mita ɗaya ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kilomita ɗaya a minti ɗaya. Watau kowace shokazoba tana shiga da fita sau 1,000 a minti. A rabin awa ta yi sau 30,000. Ku haɗa wannan da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, da kuma nauyin buhuna a baya. Man da ke ciki yana iya wuce zafin tafasasshen ruwa.

In mai ya yi zafi haka, abu biyu ke faruwa. Yakan tsinke ya yi ruwa-ruwa, ya riƙa wucewa ta ƙofofin ba wuya. Kuma yakan gauraya da iska ya yi kumfa, kamar nonon da aka burga da maburgi. Kumfa ba ta iya riƙe fistin. Daga nan sai shokazoba ta saki, ko da yake ba ta fashe ba. Wannan ne dalilin da direba zai ce da safe mota lafiya lau, amma bayan awa guda sai ta fara rawa.

Rawar nan ba abin wasa ba ce. Tayar da ke tsalle rabin lokacinta a iska take. Tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Shi ya sa mota mai matacciyar shokazoba takan yi nisa kafin ta tsaya, bayanta kuma ya goce a kwana.

ME YA SA AKE CE MATA MAI ƘARFI?

Bambancinta da ta yau da kullum ba a taurin jiki yake ba kawai. Bututunta ya fi faɗi, saboda haka man da ke ciki ya fi yawa, kuma mai mai yawa ya fi jinkirin yin zafi, kamar yadda babbar tukunya ta fi ƙaramar jinkirin tafasa. Fistin ɗinta ya fi girma, sandarta ta fi kauri, bakin da ke hana mai fita ya fi jure ƙura, kunnuwanta kuma sun fi ƙarfin walda. An kuma daidaita ƙofofinta don su riƙe sifirin mai ɗauke da kaya.

Iri biyu ne za ku fi samu a kasuwa.

Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. Fistin yana aiki a na ciki, na waje kuwa ma'ajiyar mai ne. Amfaninta a wurinmu shi ne, in tsakuwa ta loɓa bututun waje, na ciki yana nan lafiya. Ta fi araha kuma. Aibinta shi ne ba ta saurin huce zafi. Waɗansu ana sa musu iskar gas ta naitirojin kaɗan don a rage kumfa.

Akwai kuma mai bututu ɗaya. Wani Bafaranshe mai suna Christian Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1950, kamfanin Bilstein na Jamus kuma ya fara ƙera wa motocin Mercedes ita a 1957. A ƙarshen bututun akwai gas da aka matse ƙwarai, da wani fistin na biyu da ya raba shi da mai. Gas ɗin yana danne man kullum, don haka ba ya kumfa. Ku tuna kwalbar lemo: muddin murfi na rufe ba ka ganin kumfa, sai an buɗe. Wannan iri ta fi saurin hucewa, gama iska na bugun bututun da man ke ciki. Amma in dutse ya loɓa ta, fistin zai cije, ta mutu ke nan. In za a sa ta a baya, sai da abin kare ta daga tsakuwar da tayoyin gaba ke watsowa.

Sunayen da aka sani a duniya sun haɗa da KYB ta Japan, da Monroe ta Amurka, da Koni ta Holan, da Bilstein, da Old Man Emu ta Ostareliya, ƙasar da ke da dogayen hanyoyin burji masu gargada irin namu. Ba muna tallar kowa ba ne. Ga motar jam'iyya da ke jigila tsakanin ƙauye da kasuwa, mai bututu biyu mai faɗi, ta gaske ba jabu ba, ta isa.

LISSAFIN KAYA

Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yanka mata. Yana rubuce a wani ɗan faranti a jikin ƙofa ko cikin gidan inji, da kuma littafin mota. Akori-kura irin Hilux abin da take ɗauka wajen tan ɗaya ne, watau kilo 1,000. A cikin wannan har da mutane da komai da komai.

Ga misali. Direba da yara biyu, kilo 200. Jarkar mai da jak da kayan gyara da tamfol, kilo 50. Saura 750. Buhun hatsi kilo 100 ne, ke nan buhu 7. In taki ne mai kilo 50, buhu 15. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya san akan ɗora wa irin wannan mota ninkin haka, mutane kuma su hau bisa. Nauyin da ya wuce ƙa'ida a kan sifirin da gatari da boris da taya da birki da shasi yake sauka. Ba ɗaya cikinsu da sabuwar shokazoba ta ƙara wa ƙarfi.

Akwai ma wani tarko a nan. Da tsohuwar shokazoba, mota kan yi gargaɗi, ta yi rawa, direba ya rage gudu. Da sabuwa mai ƙarfi sai ta natsu, direba ya ji daɗi ya ƙara wuta. Ranar da taya ta fashe ko sifirin ya karye, a guje abin zai same shi.

In bayan mota ya zauna ƙasa ko ba kaya, sifirin ne ya gaji. In an yi lodi daidai ƙa'ida amma gatari yana dukan robar da ke jikin shasi, nan ma sifirin ne. Sai a gyara shi tukuna. Ana iya sa sifirin mai ƙarin falle don mota ta daina zama, amma ko shi bai ɗaga iyakar da aka rubuta a faranti ba.

JAN TIRELA

Jam'iyyu da yawa kan ɗaura wa mota ƙaramar tirela don kai injin ban ruwa fadama, ko tankin ruwa, ko injin sussuka. A nan ne shokazoba mai ƙarfi ta fi nuna amfaninta, gama tirela takan riƙa danna bayan mota tana sakewa a kowane tudu. In shokazobar baya ba ta da ƙarfin kwantar da wannan, sai mota da tirela su shiga lilo tare.

Ka'idar da aka saba bi ita ce, nauyin da bakin tirela ke saukewa a kan maɗaurin mota ya zama wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela da kayanta. Tirela mai kilo 1,500, bakinta ya sauke wajen kilo 150. Wannan 150 kuwa daga cikin 1,000 ɗin nan za a cire shi. Buhu 7 sun koma 6.

Har wa yau, maɗaurin yana can bayan ƙafafun baya, saboda haka yana aiki kamar sandar ɓanɓarar dutse. Mu ce tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 3 ne, maɗauri kuma ya wuce na baya da mita 1.2. To, kilo 150 a maɗauri zai danna ƙafafun baya da kilo 210, ya sauke wa na gaba kilo 60. Gaba ya yi sauƙi ke nan, sitiyari ya rage kama ƙasa. In kun ga mota ta ɗaga hanci sama kamar raƙumi, lodi ne bai yi daidai ba.

A jera kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da gatarin tirela, su ɗan fi yawa ta gaba. In nauyi ya taru a baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya. Tirelar da ba ta da birkin kanta kada ta wuce kilo 750 da kayanta. A sa sarƙa ta biyu ko da maɗauri zai kuɓuce. Tankin ruwa a cika shi taf ko a bar shi wayam, gama rabin tanki yakan yi tangaɗi ya fizgi mota. In tirela ta fara kaɗa wutsiya, direba ya ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, ya riƙe sitiyari sosai, kada ya taka birki da ƙarfi.

YADDA ZA A GANE TA MUTU

Masu ƙera shokazoba kan ba da shawarar a sake ta bayan wajen kilomita 80,000. Wannan lissafin titi mai kyau ne. A hanyoyinmu a duba ta sau biyu a shekara, kafin damina da kafin kaka. Ga alamun:

1. Mai yana gangarowa a jikinta, ƙura ta manne ta yi danƙo. Ɗan laima kaɗan a wuyanta ba laifi.
2. Taya ta ci kwari-kwari a kewaye, wani wuri ya lotsa wani ya tashi.
3. In an taka birki, gaban mota ya duƙa ƙwarai.
4. Bayan an wuce tudu, mota ta ci gaba da lilo.
5. Ana jin ƙwanƙwasa a ƙasa. Sau da yawa robar kunnenta ce ta cinye, gyaran kuwa ba tsada.
6. Bayan tafiya a kan gargada, a kai bayan hannu kusa da kowace ɗaya da hankali, gama tana iya ƙuna. Wadda aka tarar da sanyi alhali 'yan'uwanta na da zafi, ba ta aiki.

Gwajin nan na danna mota da hannu a sake ya fi dacewa da ƙananan motoci. Sifirin ɗin akori-kura ya cika tauri, bai kamata a dogara da shi kaɗai ba.

SAYE DA ƊAURAWA

Ko a Gusau za a saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da tsohuwar, da lambar shasin mota, da makanikin da kuka amince da shi. Akan sami tsohuwar shokazoba da aka ɗura wa mai aka yi mata fenti. Araha ba ta ado. A duba sandar, ta zama sumul ba tsatsa ba ƙarzuwa. A tsai da ita tsaye a ja a tura: ta yi nauyi tun daga farko har ƙarshe, ba wurin da ta zarce fayau. Mai gas in an danna an sake, da kanta take miƙewa. A karɓi rasiɗi mai lambar kayan.

Tsawo ma abin lura ne. A gwada ta da tsohuwar, a miƙe da kuma a tsuke. In ta cika tsawo, za ta tuƙe kafin gatari ya kai ga robar shasi, duka ya sauka a kanta, kunne ya ɓalle. In ta gaza, za ta riƙa fizgar maɗaurinta duk lokacin da taya ta faɗa rami.

A sake su biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare. A sa sababbin robobi. Mai bututu biyu a tsai da ita a ja a tura sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura. Kada a kama sandar da filaya, gama ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yaga bakin mai. Kada a ƙarasa ɗaure notuna sai an sauke mota daga jak ta tsaya bisa ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan mako guda ana aiki, a sake bin notunan, har da na ƙarafan da suka ɗaure sifirin da gatari. Mai gas kuwa, ko ta mutu, kada a kai mata wutar walda, kada yara su jefa ta a wuta. Fashewa take yi.

SHAWARA GA KWAMITI

In kuɗi bai isa a yi komai gaba ɗaya ba, ga yadda muke ganin a jera su: birki da taya tukuna, sa'an nan sifirin da robobi, sa'an nan shokazoba, a fara da na baya in motar tana jan tirela. A yi wannan tun kafin a fara girbi, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Magatakarda ya buɗe littafin mota, ya rubuta ranar da aka sa kowane abu da kilomitar da mota ta yi. Daga kuɗin kowane sawu a ware wani abu don gyara.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya. Kwamiti ya yanke adadin buhunan da mota za ta ɗauka, da tirela da kuma ba tirela, a rubuta da fenti a jikin bodi inda kowa zai gani. Direba shi kaɗai ba zai iya ce wa dattijon jam'iyya "Baba, mota ta cika" ba, sai in ya san kwamiti na bayansa. Sawu biyu da rana tsaka sun fi sawu ɗaya da ya ƙare a bakin hanya da magariba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a amfanin gonarmu.